Kantar Abdulshakur Marar Ƙafa

Tun da Abdulshakur ya dawo daga bautar ƙasa a Abuja, babu abin da ya ƙara burge shi a Unguwar Rogo. Ƙofar gidansu ta yi gajarta, tagar ɗakinsa ta kalli inda bai kamata ba, randar Inna kuwa cewa ya yi an ajiye ta ba bisa lissafi ba. Har harshensa ya sauya. Ya tafi yana magana irin tamu ta Sakkwato, ya dawo yana jan zance kamar mai karanta labarai a rediyo. Kimiyyar siyasa ya karanta a jami'a, amma da bakinsa ya raɗa wa kansa Injiniya, saboda ya sayi injin huda bango a wurin 'yan gwanjo, ya kuma kalli bidiyo sama da arba'in a waya na yadda ake manna katako a jikin gini.

Ana saura kwana biyar a kai ƙanwarsa Khairiyya gidan angonta Sirajo, wani ɗan kasuwar yadi a Ƙofar Kware, sai mahaifiyarsu Inna Sadiyatu ta fito da kayan jere tsakar gida tana gogewa. Shekara goma sha ɗaya tana tara tangaran ɗin nan da ribar furarta, faranti bayan faranti, kofi bayan kofi. Kowanne ta san ranar da ta saye shi da irin rigar da ke jikinta a ranar. Akwai kuma wata tsohuwar tasa ta tagulla da ta gada wurin uwarta. Duk wannan za a jera shi ne a ɗakin amarya, ran Lahadi dangin ango mata su shigo su gani, su fita su ba gari labari. A gefe ga tsohon kabet ɗinta na gilashi, an sake masa fenti yana sheƙi.

Abdulshakur ya fito yana sakace, ya zagaya kabet ɗin sau biyu.

"Inna, wannan jakin fa?"

"Wane jaki?"

"Wannan mai ƙafa huɗun. Kada dai ki ce da shi za a kai Khairiyya."

"Da shi anka kai ni gidan ubanka," in ji Inna, "kuma ga ka nan tsaye kana zagi nai."

Ya zaro waya ya nuna mata hoto. Wasu fararen katakai ne uku a jikin bango, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan tebur a ƙarƙashinsu, babu abin da ya tokare su da ƙasa. Inna ta kai wayar kusa da hanci, ta mayar nesa, ta juya ta.

"Ina ƙahwahun?"

"Babu! Abin ke nan, Inna. Kanta mai shawagi. Ƙarfen yana ɓoye a cikin bango. Tangaran ɗinki zai zauna a kan iska kamar tantabaru. Duk Sakkwato babu amaryar da aka taɓa yi wa."

Da wata rana ce, da Inna ta kore shi da tsintsiya. To amma akwai wata magana da ke cin ta. Ranar da aka kawo lefe, Hajiya Binta, gwaggon ango, ta zauna a wannan tsakar gidan tana fifita da gefen gyale, ta ce ɗakin da suka gyara wa amarya ginin bulo ne sabo fil, ba irin ɗakunan da ake jibga wa tsohon kabet ba. Ta faɗi haka ne kuwa idonta na kan kabet ɗin Inna.

Inna ta goge faranti ɗaya har sau uku. Sannan ta nuna ɗanta da shi.

"Ka ga wanga? In guda ya hwashe, kada ka dawo gidanga."

"Inna," in ji Abdulshakur, ya dafa ƙirji, "ko girgizar ƙasa aka yi."

Ran Alhamis da safe ya sauka a Ƙofar Kware a bayan ɗan kabu-kabu, katakai a kafaɗa, injin a cinya, fensir a bayan kunne. Ɗakin amarya ya sha fenti ruwan madara, bangonsa sumul kamar bayan ƙwai. A bakin ƙofa wani tsohon magini, Maccido, yana durƙushe yana ƙarasa dakali.

"Samari, mi za ka harba da bindigagga?"

"Kanta zan kafa, Baba. Mai shawagi. Ba za ka gane ba."

Maccido ya dubi dama, ya dubi hagu, don kada mutanen gida su ji, ya rage murya.

"Bangonga na ƙasa na. Ni niy yi mashi shafe da hannuna, kaurin simintin bai kai na waina ba. Kakan Sirajo yag gina ɗakinga da tubali."

"Hajiya Binta ta ce bulo ne."

"Hajiya Binta ba ta taɓa kwaɓa ƙasa ba."

Abdulshakur ya yi murmushin tausayi. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya kara kunne.

"Ka ji? Ƙwas-ƙwas. Akwai abin da ake kira ilimin sauti, Baba. A zamaninku ba a koyar da shi."

"Awo," in ji Maccido. Ya ajiye cebur ɗinsa, ya jawo bokiti ya kifa ya zauna. Aikin dakali zai iya jira.

Babu wuta, sai da aka aro janareta wurin mai aski. Abdulshakur ya ja layi da fensir, ya gyara tsayuwa, ya dafa injin da ƙarfinsa duka kamar yadda ya gani a bidiyo. Injin ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu, sai kawai ya nutse cikin bangon har wuya, kamar an soka cokali a tuwo. Injiniya ya bi shi, goshinsa ya gaisa da fenti, gum! Da ya zaro, jar ƙasa ta biyo ramin tana zuba, da 'yan guntayen ciyawa.

Ya shafa goshi, ya dubi ƙasar.

"Jan bulo ne," ya ce. "A Abuja sai gidajen manya."

Maccido ya taso, ya tsinci wani abu daga cikin ƙasar, ya ɗaga shi ga haske.

"Jan bulo mai ciyawa. Ga ma ɗan kashin jaki. Shi ma daga Abuja anka kawo shi?"

Abdulshakur ya cusa 'yan robobin nan da ake sawa a rami, ya ɗaure ƙusoshi, ya rataya katako na farko. Ya ja da baya yana kallo, ya cire hularsa ya ɗora a kai don gwaji. Katakon ya yi ɗan tunani, sannan ya sunkuyar da kai a hankali kamar mai gaida surukai, ya miƙo masa hularsa, ƙusoshin suka biyo baya da robobinsu.

"Ramin ne bai samu wuri mai kyau ba," in ji shi.

Ya matsa gaba kaɗan ya huda. Ya sake matsawa ya huda. Kafin kiran Azahar akwai rami goma sha tara a jere, bangon amarya ya koma kamar rariya. Ya cusa tsinken ashana, ya cusa tsumma, ya tsiyaya gam, a ƙarshe har cingam ya tauna ya liƙa. Maccido ya je masallaci ya dawo da abokansa biyu, kowa da abin zamansa.

Da Hajiya Binta ta leƙo ta ga jar ƙasa a kan siminti, sai ta yi kamar ba ta gani ba. Shi ma ya sa ƙafa ya take robar da ta faɗo daga rami. Suka gaisa cikin girmamawa. Ita ba za ta ce ƙasa ce ba, shi ba zai ce ya kasa ba.

Ran Juma'a ya dawo daga Sabon Gari da bakin inji mai tsawon kamu guda da rabi. Dabararsa ita ce, in aka yi nisa cikin bango dole a tarar da wuri mai tauri. Ya kafa, ya danna, ƙarfen ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya. Can sai aka ji wani abu ya yi tsulum a bayan bango, muryar mai labarai da ake jiyowa a rediyon maƙwabta tun safe ta ɗauke, wata muryar ta maye gurbinta.

"Innalillahi! Wa ka harbi da rana tsaka?"

Ba a jima ba sai ga Malam Gidaɗo, maƙwabcin da gidansa ke manne da ɗakin, ya zagayo riƙe da rediyo tana ɗigar ruwa.

"Wane na mai ƙarhen?"

"Injiniya na," in ji Maccido, ya nuna da haɓa.

"Ina zaune gidana, rediyona na rataye ga bangona, sai ƙarhe yah hito yat ture mai labarai cikin ruwan rago. Yaro, ko kai ɓera na?"

Da wani ne, da sai ya ba da haƙuri. Abdulshakur kuwa idanunsa ne suka kawo haske.

"Baba, bayan bangon nan tsakar gidanka ne? Fili ne?"

"Hili na, sai ragona da nike kiwo na Salla. Mi ya haɗa ka da shi?"

"Alhamdu lillahi! An gama!" Ya tafa hannu. "Ba bango zan roƙa ya riƙe ba, matse shi zan yi. Rodi zai shiga ta nan ya fita ta gidanka, in ɗaure shi da noti ta can. Ko a bidiyon ba su yi tunanin wannan ba."

"Rediyona hwa?"

"Ka shanya ta a rana, gobe zan duba maka ita. Na san lantarki."

"Kada ka bari ya taɓa ta," in ji Maccido. "Yanzu jiƙa kawai tay yi."

Bayan an sauko Juma'a mai walda ya haɗa masa wani ƙarfe mai kama da tsani, da rodi huɗu a bayansa, yadda katakan uku da teburin duk za su hau kansa su ɓoye shi. Da yake Injiniya ba shi da sifana, sai ya sa aka liƙa wa kowane noti zoben ƙarfe, don ya zura sanda ya murɗa. Ya shiga gidan Malam Gidaɗo da sallama, ya yi ta murɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Ragon, wani ƙaton ɗan Uda mai baƙin kai da ƙaho kamar an naɗe tabarma, yana tsaye yana kallonsa. Turken da aka ɗaure shi gara ta cinye gindinsa, yana rangaji.

Malam Gidaɗo ya dubi turken. Ya dubi zoben da ke ƙasa, daidai tsayin wuyan rago. Ya sa yatsa ya ja.

"Wanga zoben, shina da ƙarhi?"

"Baba, ko raƙumi ka ɗaure a nan ba zai motsa ba."

"Raƙumi kac ce?"

"Raƙumi na ce."

"To," in ji Malam Gidaɗo. "Allah shi yi albarka."

Ran Asabar 'yan jere suka zo. Uwar amarya ba ta taka ɗakin 'yarta a irin wannan rana, don haka Inna ta damƙa kayanta a hannun Gwaggo Zulaihatu, ƙanwar baban su Abdulshakur, mace mai ido kamar allura. Ya riga ya toshe ramukan nan goma sha tara da farar ƙasa ya shafe da fenti. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta karkata kai.

"Kantagga a karkace take."

Ya ɗora mata ma'auninsa, ɗan katakon nan mai ƙwayar ruwa a tsakiya. Ƙwayar ta tsaya cif.

"Kin gani, Gwaggo? Kantar daidai take. Ɗakin ne a karkace."

"To miƙe ɗakin."

"Ba a miƙe ɗaki."

"To karkata kantar, su tahi tare."

Da ya ga za a raina masa ilimi, sai ya ɗare kan teburin da takalminsa, ya yi tsalle sau biyu. Teburin bai ko motsa ba. Mata suka yi salati, Gwaggo ta riƙe baki. Nan aka shiga jere. Madubi da kwalaben turare a kan tebur, kofuna a kantar ƙasa, farantai a tsaye a ta tsakiya, manyan kwanukan tangaran a ta sama, tasar kaka a can ƙololuwa. Gaskiya abin ya yi kyau. Kai ka ce kayan ne suka tashi sama suka tsaya don kansu.

Ana cikin sha'awa, sai kofuna suka yi ƙil-ƙil-ƙil, ba wanda ya taɓa su. Suka yi shiru. Suka sake yi.

"Abdu," in ji Gwaggo a hankali, "mi ka motsa su?"

"Shawagin ke nan, Gwaggo. In ba ta ɗan motsa ba ai ba za a kira ta mai shawagi ba."

Gwaggo ba ta yarda ba. Ta tofa addu'a a kusurwa huɗu, ta sa aka turara ɗakin da hazbu.

An kai amarya lafiya. Lahadi da hantsi Khairiyya ta kira shi a waya, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kwanukan nan magana suke yi."

"Za ki saba. Kayan zamani haka suke."

"Har da atishawa na ji a bayansu."

"Ƙarfe ne yake miƙewa saboda zafi. Kimiyya ce, ke dai ki yi ta amarcinki."

Bayan La'asar aka taru buɗar kai. Ɗaki ya cika maƙil, dangin ango a dama, dangin amarya a hagu, amarya a tsakiyar gado lulluɓe da mayafi, tiren alkaki da dubulan a ƙasa gaban teburin. Wuri ne na mata zalla, amma Abdulshakur ya kafe a bakin ƙofa yana ɗaukar bidiyo, yana raba 'yan takardu masu lambar wayarsa ga duk mai 'yar da ta isa aure.

Matan suka yi ta leƙa ƙarƙashin kantar suna neman ƙafa. Wata ta zura hannu ta wuce da shi, ta ce Allah mai iko.

"Ɗanmu yay yi ta," in ji Gwaggo Zulaihatu, ta gyara ɗaurin kallabi. "Injiniya na. Abuja yay yi karatu."

"Ai dole ta kama," in ji Hajiya Binta da ƙarfi don kowa ya ji. "Bangon bulo na. Da irin ginin ƙasan nan na mutanen dauri na, da tuni ta zube."

Sai wata tsohuwa daga dangin ango ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

A bayan bango ragon Malam Gidaɗo yana kwance yana tuƙa, igiyarsa a zoben raƙumi. Bai taɓa jin guɗa kusa da kunnensa haka ba. Ya zabura ya fizgi igiya. A cikin ɗaki kantoci uku suka amsa gaba ɗaya, ƙililin! Tasar kaka ta yi wani amo mai daɗi.

Sai wata ta ce, "Lahaula! Amsa guɗa take yi!"

"Wallahi amsawa tay yi! Iya, ƙara mu ji!"

Tsohuwa ta ƙara. Kantoci suka ƙara. Mata suka ɓarke da shewa da tafi. Abdulshakur, wanda shi kansa bai san ya ƙera wannan ba, ya ɗaga murya daga bakin ƙofa.

"Haka na tsara ta! Da sauti take aiki! Duk mai so a yi wa 'yarta, lambata na jikin takarda!"

"To mu ma dangin amarya muna da maƙogwaro," in ji Gwaggo Zulaihatu. Ta toshe hanci. Ƙannenta biyu suka toshe nasu. Dangin ango suka ga za a fi su, su ma suka toshe. Guɗa bakwai ta tashi lokaci guda a ɗaki ɗaya.

Rago ya ja da baya iya tsawon igiya, ya ja, ya ja, abin bai sake shi ba. Sai ya yi abin da rago ke yi wa duk abin da ya ƙi sakinsa. Ya sunkuyar da kai ya taho.

Dum!

Fenti ya tsage, tsagar ta bi ramukan nan goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, kamar ana yage takarda a inda aka riga aka huhhuda. Jar ƙasa ta fara zubowa kan kafet. Wani ɗan guntun ciyawa ya sauko a hankali ya zauna a kan gyalen Hajiya Binta.

"Wannan ma cikin tsarin ne," in ji Abdulshakur, amma muryarsa ta koma ta Sakkwato.

Dum!

Kantar sama ta yi ruku'u. Kwanukan tangaran suka gangaro a jere, babba na bin ƙarami, suka faɗa wa farantai, farantai suka faɗa wa kofuna, kofuna suka faɗa wa madubi. Shekara goma sha ɗaya ta sauko ƙasa cikin ƙiftawar ido. Mata suka yi kan gado, wasu suka yi ƙofa suka bi ta kan Injiniya. Ƙura ta turnuƙe. Tasar kaka kaɗai ta yi ta juyi a tsakar ɗaki tana ƙara, har ta gaji ta kife.

Da ƙurar ta lafa, sai ga taga a inda babu taga, faɗinta ya kai tabarma. A cikin tagar ga baƙin kan rago, igiya a wuya, ƙarfen Injiniya na reto a jikinta. Ya dubi jama'a, ya yi atishawa, ya miƙa wuya ya ɗauki alkaki ɗaya daga tire. A bayansa fuskar Malam Gidaɗo ta leƙo.

"Salamu alaikum," ya ce. "Raƙumi yac ce."

Gwaggo Zulaihatu ta sauko daga gado, ta duƙa ta ɗauki wani dunƙulen tubali, ciyawa na leƙowa ta gefensa. Ta kai shi gaban Hajiya Binta da hannu biyu, cikin ladabi.

"Hajiya, wanga bulon, wane kamfani ka yin shi?"

Hajiya Binta ta cire ciyawar da ke kan gyalenta. Ta duƙa ita ma, ta ɗauki rabin faranti.

"Kamfanin da yay yi Injiniyanku."

Suka tsaya suna kallon juna, ɗaya da tubali, ɗaya da tangaran. Kowacce ta hango yadda labarin zai zaga gari kafin Magariba, ta kuma hango nata rabon a cikinsa. Hajiya Binta ce ta fara sauke hannu.

"Ni dai a ganina, ragon na."

"Ragon na," in ji Gwaggo. "Mugun rago. Dubi idanu nai."

"Ragon na! Ragon na!" ɗaki ya ɗauka, dama da hagu.

"Kai jama'a, ku ji tsoron Allah!" in ji Malam Gidaɗo ta taga. "Ragona shina gida nai, guɗarku tat tarar da shi!"

A nan ne amarya ta ɗaga mayafinta. Ba a sayi bakinta ba, ba a lallashe ta ba, ita ta buɗe kanta da kanta. Ta dubi ƙasa, ta dubi ragon, ta nemo yayanta da ido inda yake zaune a bakin ƙofa da sawun takalmi a bayan riga.

"Yaya," ta ce, "ina son jakin."

Maccido, wanda ya jiyo ƙarar tun daga majalisa, ya shigo ya kwance ƙarfen daga igiyar rago. Ya jujjuya shi, ya gwada notin da yatsa, ya sake gwadawa.

"Gaskiya dai gaskiya ta," ya ce. "Notin bai kwance ba."

Abdulshakur ya miƙe zumbur. "Kun ji ko? Ku shaida! Baba, maimaita, wayata na ɗauka!"

Da ƙarfen a kafaɗa ya koma Unguwar Rogo, don ya zama hujja. Bai samu shiga ba. Waya ta riga shi isa. Inna Sadiyatu na zaune a kan kujera 'yar tsugune a bakin zaure, idanunta sun yi ja, a gefenta ga kabet an riga an fito da shi an ɗaure a kan kurar mai ruwa.

"Inna, kafin ki yi magana, dubi notin nan. Maccido da kansa ya ce..."

"Mi yat tsira?"

Ya ƙirga da yatsa. "Tasar kaka. Da faranti huɗu. Da murfin wani abu."

Inna ta gyaɗa kai. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta nemi muciya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta nuna kurar.

"Nic ce in guda ya hwashe kada ka dawo. Ban sake magana ba. Tura."

"Inna, bari in kira mai kurar."

"Kai na mai kurar."

Haka Injiniya ya tura kabet daga Unguwar Rogo har Ƙofar Kware, gumi na bin fensirin da ke bayan kunnensa. 'Yan kabu-kabu na rage gudu suna tambayarsa ko wannan ma mai shawagi ne. Masu shayi suka miƙe tsaye suka sara masa. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa matsalar ba ta ƙira ba ce, ta ƙasa ce.

Shi da Maccido suka kinkimi kabet ɗin suka girke shi daidai bakin ramin, ya rufe shi ruf kamar don shi aka auna. Khairiyya ta share fasassun da kanta, ta zuba a kwali ta ce a kai wa Inna, kada a zubar. Sannan ta goge faranti huɗun nan ta jera su a bayan gilashi da tazara, don su yi kamar suna da yawa, ta ɗora tasar kaka a sama. Hajiya Binta ta leƙo, ta dubi tsohon kabet ɗin da ya rufa mata asiri, ta ce kai, kayan dauri akwai kwarjini.

Abdulshakur ya sha ruwa kofi biyu, numfashinsa ya dawo. Ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin kabet ɗin, ya zaro fensir daga bayan kunne.

"Kin san wani abu, Khairiyya? Da za a yanke ƙafafun nan guda huɗu, a samu rodi..."

Dum! in ji bayan kabet.

Farantai huɗu ba su ko motsa ba. Injiniya kuwa, ko da Khairiyya ta waiga, takalminsa ɗaya kawai ta tarar a bakin ƙofa.